Binciken Suruki a Gidan Gala

A gidanmu, idan za a yi abin arziki yayana ake kira. Idan kuwa abin da za a yi irin wanda ba a so a ga mutumin kirki a wurin ne, sai a tuna akwai ni. Haka aka raba mana aiki tun muna yara, ban kuma taɓa kai ƙara ba. Shi ya yi boko har ya ƙoshi, ya yi aikin gwamnati a nan Gumel, ya yi ritaya da tabarau da hawan jini. Ni kuwa a aji uku na firamare na lura malamin ba ya ƙaunata, na duba zuciyata na ga ni ma ba na ƙaunarsa, muka rabu lafiya. Daga nan na faɗa tasha. Na yi karen mota, na yi kwandasta, na ƙare a ɗan kamasho, ina ihun "Maigatari! Maigatari! Saura mutum ɗaya!" alhali babu kowa a motar sai direba da kazar wata tsohuwa. Rubutun nan ma a jikin motoci na ƙarasa koyonsa. Wanda ya ga kuskure ya nemi malamin aji uku.

Abin da zan ba da labari ya faru ne shekarar da 'yar autar yayana ta kawo miji. Ba yarinya ba ce ƙarama, ta gama karatunta na aikin jinya har tana aiki, kuma ta kori samari da yawa, ciki har da masu mota. Wanda ta tsayar wani dogon yaro ne siriri, mutumin Gagarawa, yana da ɗan shago a kasuwa inda yake gyaran rediyo da sifika. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da ya zo gaisuwa, shi ma ƙeyarsa na fi gani, don kansa a ƙasa yake tun daga shigowa har fita.

A al'ada uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ne waliyyi. Ni nake bin yayana, don haka walicci nawa ne, ko ana so ko ba a so. Ban ɓoye murnata ba. Tun kafin a sa rana na yanki shadda na kai wa tela, na ce ya yi mini babbar riga mai aiki har ciki. A karon farko a rayuwata za a yi taro in zauna a gaba, liman ya juyo ya tambaye ni, in buɗe baki in ce "na ba shi," kowa ya yi shiru ya saurara ba tare da an ce mini motar ba ta cika ba.

Sai dai kafin aure akwai bincike. Ana tura mutum ya shaƙo labarin mai nema: halinsa, sana'arsa, su wa yake zama da su, yana sallah ko sai ran Idi. Wanda aka tura Gagarawa ya dawo da labari mai daɗi, iyayen manoman riɗi ne, ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Ana cikin haka wani maƙwabci, irin masu ƙaunar mutum har su kasa barci in ba su kawo masa mugun labari ba, ya zo ya raɗa wa yayana cewa duk ranar Alhamis, in kasuwar Maigatari ta watse, ana ganin yaron a gidan gala.

Yayana ya aika aka kira ni. Na same shi a falo, ya ɗora ƙafa a kan tebur, carbi a hannu.

"Ka san gidan gala?" ya ce.

"Haba Yaya. Ni da nake sahun farko a masallaci?"

"Sahu na uku. Na farko sai ranar da aka yi ruwa mutane ba su fito ba. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ina jin labari."

"To ka je ka ga labarin da idonka. Ni ba zan je ba, ba kuma zan aiki mai mutunci ba. Idan gaskiya ne, na rufe maganar. Ba zan ɗauki 'yata in ba ɗan rawa ba."

Na gode masa da wannan yabo, na miƙe. A soro na tarar da 'yar autar tana jirana, ta yi kamar tana gyara takalmi. Ta gaishe ni, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Baffa, na ji abin da aka sa ka. In ka je, don Allah ka duba da kyau. Kada ka leƙa daga ƙofa ka juyo."

"Yana zuwa ke nan?"

Ta ce, "In Baba ya ce a'a, ba zan yi masa musu ba. Amma ba zan sake kawo kowa gidan nan ba." Ba kuka take yi ba, da ma kuka ne da ya fi mini sauƙi. Na san ta tun tana goye. Abin da ta faɗa, shi za ta yi.

Matsalata ɗaya ce: babu direba, ko dillalin shanu, ko mai shayi a Maigatari da bai san fuskata ba. Sai na yi dabara irin ta masu aji uku. Na ari rawani baƙi wurin wani mai gadi, na ce zan naɗa irin na Buzaye, ido kawai a waje, tunda ranar kasuwa garin cike yake da mutanen tsallaken iyaka. Mai gadin ya ce in tsaya ya koya mini naɗin. Na ce masa ni da na ɗaure buhun gero a kan mota shekara da shekaru, ƙyalle ne zai gagare ni?

Ina gwadawa a ɗaki mai ɗakina ta shigo, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Malam, raƙuman wa aka ba ka kiwo?"

"Aikin zumunci zan je."

"Zumunci da turare haka? Allah Ya kai ka lafiya. In ka ga zumuncin ka gaishe shi."

Ranar Alhamis da la'asar na shiga motar Maigatari, na zauna a baya na yi shiru. Yaron da ya gaje ni a tasha yana ta ihun saura mutum ɗaya, ko daɗin murya babu. Na isa kasuwa tana watsewa, ana loda shanu a manyan motoci, 'yan canji suna tattara sefa. Na sha shayi ta ƙarƙashin rawani, wanda aiki ne da ban san yana da wuya ba sai ranar, rabi a baki rabi a ƙirji. Na yi magariba da isha'i a masallacin da ba a san ni ba, don aikin da zan yi yana bukatar a shiga da tsarki. Daga nan ban tambayi kowa hanya ba. Ƙasa ce take rawa a ƙarƙashin ƙafata, na bi ta.

Gidan yana can bayan gari, an kewaye fili da langa-langa, an rataya ƙwayayen lantarki ja da kore a ƙofa, janareto yana kuka a gefe. Wani ƙato ya karɓi kuɗin shiga ya kama hannuna ya buga mini hatimi da shuɗin tawada, kamar buhun da ya wuce kwastan. A raina na ce, yau ga ni da shaidar makaranta a ƙarshe.

Da na shiga sai da na dafa langa-langa. Fitila tana juyawa a sama tana watsa wa mutane kala-kala, yanzu mutum kore ne, an jima ja, kamar ana gwada masa cuta iri-iri. An jera sifiku tsayin mutum a kowace kusurwa. Kiɗan kuwa, ban san sunan da zan ba shi ba. Ka ɗauka an sa turmi a ƙirjinka, an samo mata majiya ƙarfi suna daka ba hutawa, wani kuma yana waƙa ta hanci da muryar da ba ta mutum ba ba ta akuya ba. A kan wani dandamali na katako samari da 'yan mata suna rawa suna motsa baki, wai su suke waƙar. Wandunan samarin sun matse su har na tausaya wa iyayen da suka biya tela. Rawar tasu kuma kamar mutum ya taka wayar wuta yana jin kunyar ya yi ihu.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki 'yan kallo. Na zaci yara zan tarar. Ina! Ga dillalan shanu da manyan riguna sun baje a kujerun roba, ga direbobin manyan motoci, ga mutanen tsallake suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi wa masu rawa liƙi, suna manna musu kuɗi a goshi. Na hango wani dattijo da na sani, wanda ko dariya ba ya yi a tasha don kada ta rage masa daraja, yana kaɗa kai, ido a lumshe, kwalbar lemo a hannu. Na ce, ashe ba ni kaɗai aka aiko bincike ba. Garin nan kaf bincike ya fito.

Na sami benci a baya na zauna, na fara aiki. Na duba masu rawa ɗaya bayan ɗaya, babu dogon yaro siriri. Na duba masu liƙi, babu shi. Na duba masu tsaye jikin langa-langa, na ma leƙa wurin mai tsire. Wuri ɗaya ne ban duba ba: can kusurwa, bayan manyan sifiku, akwai tebur da na'urori, wani ya duƙa a kansu da abin ji a kunne. Shi ne dije, mai sa kiɗan. Ban kula shi ba, don a tasha ma ba a kallon mai zuba mai, motar ake kallo.

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce shi ke nan, maƙwabci ya yi ƙarya, gobe in kai labari mai daɗi, in karɓo rigata wurin tela. Da ina da hankali, a nan zan tashi in tafi. Na ma yunƙura. Sai kiɗan ya canza.

Aka janye turmin nan a hankali, sai ga kalangu ya shigo. Ba irin na inji ba, kalangu na gaske, da ɗan kurkutu yana bin sa a baya, irin kiɗan da ake yi mana a dandali a ƙauyen kakanninmu wajen Sule Tankarkar, lokacin kaka, in an gama girbi wata ya fito. Rabona da jin wannan kiɗa tun ina da gashi. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda babu wanda zai faɗa mini: a zamanina, in na shiga fili, 'yan mata har tallarsu suke mantawa. Boko ne ban iya ba.

Ƙafar dama ta fara. Na dafe ta da hannu na ce mata, ke, aiki muka zo. Ta hagu ta karɓa. Na tuna musu da ciwon gwiwa, na tuna musu da yayana, na tuna musu da shadda. Kafaɗa ta shiga maganar ba a gayyace ta ba. Sai na yi wa kaina fatawa: ai rawanin nan ya rufe ni, in ma an yi rawa Buzu ne ya yi, ni ina ruwana? Kafin in gama fatawar na ga kaina a tsakiyar fili.

Yaran suka dare. Wani ya yi ihu, "Buzu ya tashi! A ba Buzu wuri!" Aka yi da'ira ana tafi. Na nuna musu yadda ake yi: a durƙusa kaɗan, a ja ƙafa, a girgiza kafaɗa, a tsaya cak daidai inda kalangu ya tsaya, sannan a ɗora. Masu matsattsun wanduna suka sauko daga dandamali suna kallo baki buɗe. Dillalai suka taso da liƙi. Da yake goshina a rufe yake, sai suka riƙa cusa kuɗin a cikin naɗin rawani, wannan ya cusa naira, wancan ya cusa sefa. Dije kuwa kamar ya san ciwona, duk inda na nufa kiɗa yana can yana jirana.

Ashe duk cusa kuɗin nan sassauta naɗin yake yi. Jelar rawanin ta sauko ƙasa ban sani ba. Na zo juyin nan da na yi suna da shi, wani ya taka jelar, ni kuma na ci gaba da juyawa. Buhun gero bai taɓa yi mini haka ba. Rawani ya warware tas kamar ana zare zare daga ƙwarya, kuɗi suka watse, ga ni tsaye, sanƙo yana sheƙi, ja, kore, ja, kore. Wani mai liƙi da hannunsa ya riga ya taso bai iya fasawa ba, ya manna mini sefa a goshi. Gumi ya riƙe ta.

Wani direba ne ya fara gane ni. Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu ya kwarara ihu, "Saura mutum ɗaya!" Gidan ya ɗauka gaba ɗaya. "Saura mutum ɗaya! Maigatari! Maigatari!"

Sai kiɗa ya mutu.

Ba a hankali ba, ɗif, kamar an ɗauke wuta. Janareto kaɗai ake ji. Daga bayan sifiku dije ya fito, dogo, siriri, abin ji a rataye a wuya. Ya tako har gabana, ya cire takalmansa ya ajiye gefe, ya tsuguna a kan simintin da ya jiƙe da zoɓo da ruwan leda, ya sunkuyar da kai. Na ga ƙeyar. Nan take na gane ta.

Abin da ya manta shi ne makirfo yana hannunsa, a kunne.

"Baba, barka da dare."

Sifiku huɗu suka faɗa tare da shi. Na tabbata jandarmomin da ke bakin iyaka sun ji wannan gaisuwa.

To ita gaisuwar suruki ba a katse ta, ba a kuma ƙin amsa ta. Na tsaya ina haki, takardar kuɗi a goshi, na ce, "Barka kadai."

"An zo lafiya, Baba?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiyar hanya?"

"Babu gajiya." Ƙarya ce, huhuna yana neman fita ta baki.

"Ya su Alhaji? Ya su Hajiya? Ya jikin Inna?"

"Duk lafiya. Jiki da sauƙi."

"Allah Ya ƙara sauƙi."

"Amin." Sai na ji bakina, da ya saba, ya ƙara da cewa, "Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

A nan ne wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, gidan ya bi shi. Har dattijon nan mai tsoron dariya na ga yana share hawaye da hannun riga. Mai gidan galar ya taso daga ƙofa, wani gajere mai tumbi, yana ihu. "Kai! Wa ya kashe mini kiɗa? Biyanka nake yi ka yi gaisuwa? Tashi ka koma, ko ka kwashe tarkacenka yau ɗin nan!" Yaron ko motsi bai yi ba. Mai gida ya sake ihu, ya ci gaba da tsuguno, kai a ƙasa. Na daɗe ina mamakin taurin kansa kafin na tuna laifina ne: babba ne yake sallamar mai tsuguno, ni kuma ban saba zama babba ba.

"Tashi, tashi," na ce. "Allah Ya yi albarka."

Sifiku suka kai wa garin wannan ma.

Ya miƙe, ya tattara rawanin ya naɗe shi da kyau, ya danna wani abu kiɗan turmi ya dawo, sannan ya rako ni waje yana bina a baya, takalmansa a hannu. Sai da muka yi nisa da ƙofa na ɓamɓare sefar daga goshina. Ya tsaya gefe yana kallon ƙasa, ni ma ina kallon ƙasa. Ƙasar Maigatari ba ta taɓa samun masu kallo irin na ranar ba.

"Me kake yi a nan?" na ce, da muryar da nake fata ta yi kama da ta yayana.

Ya ce sifikun nan shi ya haɗa su da hannunsa. Shago ba ya kawo abin da zai isa a yi ɗaki a sa mace, shi ya sa ranar Alhamis yake kawo su haya, ya kuma sa kiɗa. Ita ta sani, bai ɓoye mata ba.

"Yaushe ka gan ni?"

"Tun shigowarka, Baba. Tafiyar na gane."

"Ka gan ni, shi ne ka sa kalangu?"

Can ya ce, "Na ga kamar kiɗan yaran ya dame ka. Na ce bari in sa na manya."

"To da rawanin ya faɗi, me ya fito da kai? Ban gan ka ba. Da ka lafe bayan sifikunka, gobe zan je in rantse ba ka zuwa nan."

"Na sani, Baba. Amma da a rufe kake, sai in ce ban gane ka ba. Da fuska ta fito, ba zai yiwu in ga Baba in ci gaba da zama ba."

Ya tsayar mini da motar da za ta koma Gumel, ya buɗe mini gaba, ya miƙo rawanin da hannu biyu.

Da asuba na yi alwala na goge hannun nan har ya yi ja, hatimin ya ce yana nan. Haka na yi musabaha da liman hannu a cikin riga kamar mai ƙazuwa. Na yi niyyar in karya kumallo in tsara magana kafin in je wurin yayana, amma na manta labari a motar farko yake shigowa gari, kuma ni na koya wa 'yan tasha yadda ake sauke shi. Kafin in gama koko an aiko.

Yana zaune inda na bar shi. Bai amsa sallamata da kyau ba.

"An aike ka bincike," ya ce, "ka je ka zama abin bincike. An ce har juyi ka yi."

"Juyin bai ƙarasa ba, Yaya."

"Rufe mini baki. Yana zuwa ko ba ya zuwa?"

"Yana zuwa. Shi ne ma mai sa kiɗan. Amma na duba gidan nan kaf, mutum ɗaya ne ban ga ƙafarsa ta motsa ba, shi ne yaron."

"Ai ba ya bukata. Shi yake motsa ƙafar tsofaffin banza. Magana ta ƙare."

Na hango inuwa a bayan labulen ƙofar cikin gida. Na san ko wace ce. Ban taɓa yi wa yayana musu ba, ba don ladabi ba, don dai kullum shi ne da gaskiya, abin haushi. Ranar na gyara zama.

"Yaya, dube ni da kyau. Wa ya taɓa tsuguna mini a garin nan? 'Ya'yanka maza a tsaye suke gaishe ni, wani ma yana danna waya. Ban ce sun yi laifi ba, na san abin da na shuka. Yaron nan ya same ni a halin da ko ni ba zan gaishe da kaina ba, kai babu hula, kuɗin wata ƙasa a goshi, ana yi mini ihu. Yana da wurin ɓuya. Da ya ɓuya, da yanzu ina nan ina rantse maka ba ya zuwa, kai kuma ka ba shi ita. Ya san haka. Ya fito, ya cire takalmi, ya tsuguna cikin ruwan zoɓo, mai biyansa yana zaginsa, bai tashi ba sai da na ce ya tashi. Ni fa, Yaya. Wanda ya yi wa irina haka, me kake tsoron zai yi wa 'yarka?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi shuɗin hatimin da ke hannuna ya daɗe. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Kwanaki suka wuce ban ji komai ba. Na daina bi ta layinsu. Sai wata safiya ya aiko ɗansa, mai danna waya, da saƙo kashi biyu. Na farko: ya amince, da sharaɗin yaron ya bar zuwa Maigatari ranar Alhamis, sifikunsa ya riƙa ba masu wa'azi da masu walima haya. Yaron ya yarda, ko da yake na ji mai tumbin ya riga ya sallame shi tun daren, saboda haka sharaɗin bai sha wahala ba. Na biyu: walicci an ba ƙaninmu, malamin Islamiyya, wanda ko tafi bai iya ba.

Ranar ɗaurin aure na sa babbar rigata mai aiki har ciki, na zauna a baya kusa da takalma. Da liman ya yi tambaya, na ji muryar ƙanina ta fito tangaram, "Na ba shi." Na ɗaga kai na dubi sifikun da aka kafa a ƙofar masallaci. Na gane su, su ma ina jin sun gane ni. Wani direba da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Baba, saura mutum ɗaya," na taka masa ƙafa muka shafa fatiha.

Yanzu suna da 'ya'ya. Shi kuwa angon, tun daga ranar kunyar surukuta ta shiga tsakaninmu yadda ya kamata. In ya hango ni a hanya sai ya canza layi, in babu layi ya tsuguna, mu gaisa, kowa yana kallon ƙasa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Mutane suna yaba mana wannan kunya, suna cewa irin ta mutanen da ce.

Bayan bikin da ɗan lokaci amarya ta zo gaishe ni da kwanon dambu. Da za ta tafi ta ciro wani ɗan memori a ƙullin mayafi ta sa mini a rediyo.

"Baffa, maigida ya ce in ba ka. Wai wa'azi ne."

"Na wane malami?"

"Ya ce in ka ji za ka gane malamin."

Ina sauraronsa in na rufe ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Mai ɗakina ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wa'azin da ake fitowa daga cikinsa ana ɗingishi ana neman man zafi ba. Na ce mata ai wa'azin ne yake ratsa jiki.